Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Darasin Jirgin Maraɗi A Ƙofar Guga

GABATARWA

Hausawa sun ce, rijiya ta bayar, guga ya hana. Akan kawo wannan karin magana ne idan mai abu ya yarda ya ba da abinsa, amma wanda aka sa a tsakani ya tsaya ya tare hanya. Wannan maƙala labari ce ta wani malamin Faransanci da ke koyarwa a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo kusa da Ƙofar Guga a birnin Katsina, wanda ya yi shekara da shekaru yana zargin rijiya da ƙafewa, alhali kuwa gugansa ne ya huje. An sakaya sunansa da na makarantarsa da na ɗalibansa, domin darasin ake bukata. An kuwa kawo labarin a wannan mujalla ne saboda mafi yawan ɗaliban Sashen Hausa aji ne makomarsu, kuma ciwon da ya kama mai koyar da Faransanci ba zai ƙyale mai koyar da Hausa ba. Abin da ya ci Doma, ai ba ya barin Awe.

ƘOFA DA AJI

Ƙofar Guga ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, 'yar'uwar Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar 'Yanɗaka. Ta wannan ɓangare ne hanya ke fita ta nufi Jibiya, daga Jibiya kuwa tafiya kaɗan mutum zai yi ya taka ƙasar Nijar, ya doshi Maraɗi. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, tsakanin mutanensu kuwa bai kai ko taki ɗaya ba. Sa'ad da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a zamanin jihadi, wajen shekarar 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, zuriyarsu suka kafu a Maraɗi, inda har yanzu sarkin garin ke amsa sunan Sarkin Katsina. Daga baya Ingilishi da Faransawa suka zauna a Turai, cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka ja layi ta tsakiyar wannan gida. Tun daga nan ɗan wa ke zuwa makaranta ya koyi Ingilishi, ɗan ƙane ya koyi Faransanci, in sun haɗu wurin suna ko biki su gaisa da Hausa.

Mai karatu zai yi tsammanin babu inda Faransanci zai yi kasuwa kamar irin wannan wuri. Malam ma haka ya zata sa'ad da ya kama aiki. Ya yi karatunsa a kwalejin horon malamai, ya je ya zauna a Ƙauyen Faransanci da ke Badagari, ya dawo da zumuɗi. Ya san cewa tun shekarar 1996 Janar Sani Abacha ya furta nufin mai da Faransanci harshen hukuma na biyu a Nijeriya, ya kuwa ɗauki maganar da gaske. Amma abin da ya tarar a aji ya sanyaya masa jiki. Yara sukan rera jerin aikatau da murya ɗaya kamar masu biya allo, su cika gurbi a jarrabawa ba kuskure, amma da zarar ya dubi ɗaya ya tambaye shi abin da ya ci da safe, sai ajin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana duban teburinsa.

Littafin da suke bi cike yake da hirarraki. Ga wata mata tana sayen burodi a birnin Faris, ga wasu yara suna wasa da dusar ƙanƙara, ga wani yana tambayar hanyar gidan tarihi. Yara sukan haddace waɗannan duka, su maimaita, su manta. Wata rana wani yaro mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni fa duk hutu a Maraɗi nake yinsa wurin kawuna, ban taɓa jin yunwa don rashin Faransanci ba." Aji ya fashe da dariya, Malam ya yi murmushi, amma maganar ta kwana a ransa. A manyan azuzuwa darasin na ganin dama ne, kowace shekara kuwa masu zaɓensa raguwa suke yi. A shekarar 2022 'yan aji biyar da suka rage masa ba su kai ashirin ba, kuma shugaban makaranta ya riga ya shaida masa cewa in aka ci gaba da haka, za a ba lissafi sa'o'insa.

SAƘON ABOKI

Malam yana da wani aboki tun na kwaleji, wanda ya bar Faransanci ya koma Sifaniyanci, har ya sami aikin koyar da shi a ƙasar waje. Da Malam ya kai masa kuka ta waya, abokin bai yi masa nasiha ba, sai ya ba shi labarin abin da ya faru a nasa ajin. Ya ce shi ma ɗalibansa bebaye ne, har ranar da ya kawo musu rigimar wani layin dogo da ake ginawa a ƙasar Meziko, wanda ake kira Tren Maya, watau Jirgin Maya.

Wannan aiki na Shugaba Andrés Manuel López Obrador ne, an fara shi a watan Yuni na 2020, tsawonsa ya haura kilomita 1,500, ya ratsa jihohi biyar na kudu maso gabashin ƙasar, yankin da ƙabilun Maya ke zaune tun kafin zuwan Sifaniyawa. Gwamnati ta ce jirgin zai kwaso masu yawon buɗe ido daga bakin teku ya shigo da su cikin ƙasa, talakawan yankin su sami aiki. Masu suka suka ce za a sare daji, kuma ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ne mai kogunan ruwa a ƙarƙashi, waɗanda su ne rijiyoyin mutane, nauyin dogo da turakunsa na iya lalata su. An yi ƙuri'ar jin ra'ayin mazauna a watan Disamba na 2019, amma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yadda aka yi ta bai cika ƙa'ida ba. Abokin ya raba wa ɗalibansa matsayi, wannan manomi, wannan mai masauki, wannan injiniya, wannan masanin ruwa, ya ce su yi gardama da Sifaniyanci. Ya ce ranar sai da ƙararrawa ta raba su.

Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Kai da ke zaune a bakin hanyar Jibiya, me za ka yi da jirgin Meziko? Naka jirgin na nan tafe ta bayan gidanku. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, wanda ke cikin masu gina kashin farko na Jirgin Maya daga Palenque zuwa Escárcega, ai shi aka ba kwangilar Kano zuwa Maraɗi." Malam ya ajiye waya ya yi shiru. Shekara biyu ke nan ana wannan gardama a kowace majalisa da kowace tashar mota ta Katsina, shi kansa ya sha yin ta a ɗakin malamai, amma bai taɓa tunanin ta cancanci shiga aji ba.

SHIRIN MUHAWARA

Mako uku ya ware wa aikin. A makon farko bai yi musu Faransanci ba ko kaɗan. Ya ce kowa ya je gida, ya je tasha, ya je kasuwa, ya tambayi manya abin da suka sani da abin da suke tsoro game da jirgin, ya rubuto da Hausa. Shi kuma ya kawo abin da ke rubuce. A watan Satumba na 2020 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar a kan dala biliyan 1.96, a zamanin da Rotimi Amaechi ke ministan sufuri. Ranar 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Layin kilomita 284 ne, zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, da reshe guda zuwa Dutse.

Ya kuma ba su tarihi, domin gardamar da ba ta da tushe hayaniya ce. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a bayansa har aka riƙa tara dala. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Birnin Katsina kuwa, wanda a da shi ne masaukin ayarin Sahara, dogo ya kauce masa, ya zama sai an kai kaya Kano ko Funtuwa kafin su hau tarago. Gyaɗar Maraɗi ma ta Kano take fita zuwa teku, har sai a shekarun 1950 da Faransawa suka shirya karkatar da ita ta Faraku zuwa Kwatano, a kan layin da suka gina wanda bai taɓa isowa Nijar ba. A 2016 an ƙaddamar da wani guntun layi na kimanin kilomita 140 tsakanin Yamai da Doso, amma bai yi jigilar a-zo-a-gani ba. Saboda haka masu goyon bayan aikin na cewa ƙasar da ba ta da teku dole ta nemi ƙofa, in Nijeriya ta buɗe mata Ikko, cinikin da Kwatano ke ci zai dawo gida. Masu suka kuma na cewa da wane dalili za a ci bashi a shimfiɗa dogo har cikin ƙasar wasu, ga na cikin gida a lalace.

A mako na biyu ya ba su makamai. Bai ba su jerin kalmomi ɗari ba, 'yan maɓallai kawai ya ba su: à mon avis, watau a ganina, parce que, saboda, pourtant, amma duk da haka, je ne suis pas d'accord, ban yarda ba. Ya koya musu yadda ake gina jimlar sharaɗi, irin ta in an yi kaza, kaza zai biyo baya, domin gardama a kan abin da bai faru ba tukuna ba ta yiwuwa sai da ita. Wannan babi ne da ya saba shan wuya a kansa kowace shekara, amma a bana cikin kwana biyu suka kama shi, don kowa na da wata "in" da ke cin ransa.

Sa'an nan ya kafa dokoki uku. Ta farko, ƙuri'a ce za ta raba matsayi, ba son rai ba, ko mutum ya faɗa ɓangaren da yake so ko wanda ya ƙi, dole ya kāre shi. Ta biyu, ba zai katse kowa don gyaran kuskure ba, zai rubuta a takarda a duba washegari, domin ya lura cewa jan alƙalaminsa ne ya ɗaure harsunan yara tun farko. Ta uku, kowane mai magana za a ba shi tsakuwa uku. In kalma ta ɓace masa, ya ajiye tsakuwa ɗaya a kan tebur ya faɗe ta da Hausa, ajin kuma ya nemo masa ita da Faransanci. In tsakuwa ta ƙare, ya san yadda zai yi.

Labari ya kai ofishin shugaban makaranta, ya aika aka kira shi. Lokacin kuwa na zaɓen fid da gwani ne, ga shi masu sukar aikin a jaridu sun daɗe suna danganta shi da kasancewar Shugaban Ƙasa mutumin Daura. Shugaba ya ce, "Malam, ka san lokacin da ake ciki. Yaro ɗaya ya je gida ya ce ana zagin gwamnati a aji, ni da kai duka za mu amsa tambaya." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ambaci jam'iyya ba, ba za a ambaci ɗan takara ba. Manomi ne da direba da ɗan kasuwa za su yi magana. In ka ga dama ka zo ka zauna, in ka ji abin da bai dace ba ka tsayar." Shugaba ya yi jim, ya ce zai zo.

YARON KUJERAR BAYA

A cikin ajin akwai wani yaro da ke zama a kujerar baya, wanda ke zuwa a kan keke daga wani ƙauye na bayan gari. Rubutunsa mai kyau ne, amma shekara biyu Malam bai ji muryarsa ita kaɗai ba. Da aka jefa ƙuri'a sai matsayin injiniya ya faɗa kansa, watau shi ne zai jagoranci masu kāre aikin. Bayan an tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Malam, don Allah a canja mini." Malam yana haɗa littattafansa, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Doka doka ce. In na canja maka, kowa zai zo." Yaro ya ce, "To, Malam," ya tafi. Malam ya ɗauka ragwanci ne ko tsoron magana, bai tambaye shi dalili ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damunsa daga baya.

RANAR MUHAWARA

Aka jera tebura fuska da fuska, shugaban makaranta ya zauna a gefe. Yaron kujerar baya ya tashi ya buɗe. Ya kawo tsawon layi da tashoshinsa, ya ce tarago ɗaya na ɗaukar abin da babbar mota ke nishi da shi, ya ce hanyar mota za ta huta, haɗari zai ragu. Jimlolinsa daidai suke, ba kuskure ko ɗaya, amma a haddace suke, yana faɗa yana duban bango. Ya zauna tsakuwarsa uku na hannunsa.

Daga nan wuta ta fara kamawa. Wanda ya ci matsayin direba, wanda kuma a gaske ubansa direban babbar mota ne, ya tambaya, in jirgi ya kwashe kaya, direba da yaron mota da mai faci da mai abincin tasha su ci me. Wata yarinya da mahaifiyarta Bamaraɗiya ce ta tashi ta ce ita dai jirgi zai kai ta wurin kakarta cikin sauƙi, ta so ta ce zumunta a ƙafa take, ta juya shi kalma da kalma zuwa Faransanci, aji ya yi dariya har shugaba. Ba ta ji kunya ba, ta tsaya ta warware abin da karin maganar ke nufi, sai da kowa ya gane. Wani daga ɗaya ɓangaren ya tunatar da ita cewa daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 iyaka a rufe take, kuma ba rashin dogo ne ya rufe ta ba, in hukuma ta ja ƙofa, jirgi ma tsayawa zai yi. Wani ya kawo harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na wannan shekara, ya ce wa zai tsare dogo a dajin Jibiya. Aka amsa masa da cewa hanyar mota ma ba ta tsira ba, ba a kuwa daina gina ta ba. Tsakuwa na sauka a kan tebur, kalmomi na fitowa: bashi, ruwan bashi, kwastan, diyya. Malam yana cika takardarsa da kurakurai, zuciyarsa kuwa fari fat.

Can sai mai matsayin manomi, ɗan birni ne da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya ce dogo zai cinye gonaki. Yarinyar da ke ɗan kasuwa, wadda ke ɓangaren injiniya, ta yi caraf ta ce ai gona ƙasa ce kawai, za a biya, mai ita ya sayi wata. Ta juya ta dubi jagoranta don ya ƙarfafa mata. Sai aka ji ya ce, "Non." Ya miƙe tsaye, jikinsa na rawa, ya ce da Faransanci ba ƙasa ce kawai ba, gonar kakansa ce. Masu awo sun zo sun kafa turaku, layin ya bi ta tsakiyarta.

Aji ya yi tsit. Malam ya so ya tuna masa da ɓangarensa, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa. Yaro ya ajiye tsakuwa ta farko ya ce, "Gado." Aka ce masa héritage. Ya ci gaba, ya ajiye ta biyu ya ce, "Kuka." Aka ce masa baobab. Ya ce akwai ta a tsakiyar gonar, kakan kakansa ma a tsaye ya same ta, a inuwarta ake shan fura in rana ta take. Ya ajiye ta uku ya ce, "Gandu." Wani ya ba shi kalmar gona, ya girgiza kai. Wani ya ba shi ta fili, ya ce a'a. Duk suka juyo suka dubi Malam. Malam ya laluba duk abin da ya koyo tun daga kwaleji har Badagari, bai sami kalma ɗaya da ta ɗauki gandu ba, ya ce, "Ɗana, ba ni da ita. Sai ka gaya mana."

Tsakuwa ta ƙare, ba sauran Hausa. Yaron nan ya tsaya yana harhaɗa kalma da kalma, yana faɗuwa yana tashi, yana mai da namiji mace, mace namiji. Ya ce gandu gona ce da uba da 'ya'yansa da ƙannensa ke nomawa tare, a zuba a rumbu ɗaya, daga ciki a ci, daga ciki a yi wa saurayi aure, daga ciki a yi suna. Ya ce in an biya kuɗi za a raba, kowa ya karɓi nasa ya kama gabansa, kuɗi na rabuwa amma gandu in ya rabu ya mutu. Sa'an nan ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya ce pourtant, amma duk da haka, abin da ya faɗa da farko a bakin injiniya ma gaskiya ne, ya yi mako biyu yana neman ƙarya a ciki bai samu ba. Ya ce bai san wanda ya fi gaskiya ba, ya zauna. Bai yi ƙasa da minti biyar yana magana ba, Malam kuwa bai rubuta kuskure ko ɗaya ba, don ya manta da alƙalami na hannunsa. Ba a yanke wanda ya ci muhawara ba a ranar. Shugaban makaranta ya tashi, ya dafa kafaɗar yaron, ya fita bai ce kome ba. Maganar ba lissafi sa'o'in Faransanci kuma ba a sake tayar da ita ba a wannan shekara.

A INUWAR KUKA

Ranar Asabar Malam ya hau babur ya tafi ƙauyen, domin ya ga ya wajaba ya nemi gafara. Ya sami tsohon a gona, suka gaisa, ya ce, "Baba, na zo ne in ba da haƙuri. Na tilasta wa jikanka ya kāre abin da zai ci gonarku, ban sani ba, ban kuwa tambaya ba." Tsoho ya yi dariya ya shimfiɗa masa buzu a gindin kukar. Ya ce, "Malam, ai ni ka yi wa karatu. Kullum dare yaron nan na ta gunaguni da bakin Nasara, na ce ya juya mini. Shi ne na ji hujjar mutanen daki-daki, irin yadda ba a samun ta a majalisa, inda kowa ke ihu. Ubana da jakuna yake kai gyaɗa Kano, kwana da kwanaki a hanya, yana cewa da dogo ya biyo ta Katsina da bai tsufa da wuri ba. Ga shi ya biyo, ta kan gonarsa. Ni ban ƙi jirgi ba. Kukar nan dai ce ba wanda zai iya biya." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Amma gobe in za ka ɗora wa yaro kaya, ka tambaye shi abin da ya riga ya ɗauko daga gida." Malam ya ce, "Na ji, Baba." Tun daga ranar bai sauke dokar ƙuri'a ba, don ya ga amfaninta, amma kafin a jefa yakan tambaya ko akwai wanda maganar ta taɓa gidansu, in akwai a ba shi zaɓi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Zamani ya ci gaba da ba ɗaliban nan amsa, kowa da tasa. Ranar 26 ga Yuli, 2023, soja suka karɓi mulki a Nijar, aka sake rufe iyaka, sai a 2024 aka buɗe, maganar wanda ya ce jirgi ba ya buɗe ƙofar da hukuma ta ja ta tabbata. A Meziko an buɗe kashin farko na Jirgin Maya a Disamba na 2023, gardamar daji da ruwa kuwa ba ta mutu da buɗewar ba. A Janairu na 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, a watan Maris kuma sabuwar dokar ƙasar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Da labarin ya iso ɗakin malamai, wani ya zolayi Malam ya ce, "To, kasuwarka ta watse, ko jirgin ya isa Maraɗi da Hausa za a sayi tikiti." Malam ya ce ai shi ya fi kowa murna, domin a ajinsa ne ya ga Faransanci ya durƙusa a gaban kalmar gandu. Ya ce abin da yaran suka koya ranar nan, watau tsayawa a gaban jama'a da hujja, da sauraron abokin gardama har ya dire, ba ya ɓacewa in an sauya harshe.

KAMMALAWA

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ɗalibi ba ya buɗe baki da gaske sai an kawo abin da yake da rabo ko hasara a cikinsa. Yaran nan ba su yi shiru don rashin kalmomi ba, kalmomin na nan a haddace, abin faɗa ne ba a taɓa neman su da shi ba. Kada kuwa mai koyar da Hausa ya ce wannan matsalar masu baƙon harshe ce. Yaro na iya tashi da Hausa tun daga goyo, ya haddace rabe-raben gaɓa da ajin aikatau, ya ci jarrabawa, amma a ce ya tsaya minti biyar ya kāre ra'ayi a kan bashin ƙasa ko diyyar gona cikin tsararriyar Hausa, ba tare da ya tsere zuwa Ingilishi ko zuwa zagi ba, sai ya kāsa. Harshen da ya zama na ƙasa a Nijar, wanda miliyoyin mutane ke ciniki da shari'a da siyasa da shi a ɓangarorin iyaka biyu, yana bukatar masu iya muhawara da shi a kan dogo da kwangila da ruwan sha, da masu ƙera masa kalmomin da waɗannan al'amura ke nema. A aji ake fara wannan, ba kuwa sai an je nesa neman batu ba, domin kowane gari da jirginsa, ko madatsar ruwa ce, ko sabuwar kasuwa, ko burtalin da ake rigima a kansa.

Sai dai wanda zai bi wannan hanya ya tuna da gargaɗin tsoho. Batun da ke buɗe bakin ɗalibi shi ne kuma wanda ke iya taɓa masa miki, don haka tambaya na gaba da ƙuri'a. Rijiya dai tana da ruwa, kuma ba ta yi rowa ba. Abin da ya rage wa malami shi ne ya duba gugansa. Allah ya sa a dace, amin.